Mun Je Ɗauko Vukani

A hannun filafilin da Sabelo ya miƙo mini akwai wani wuri da aka kankare da wuƙa. Sunan yayana aka so a goge, amma ba a ƙarasa ba, ƙasan harafin farko yana nan kamar sawun tsuntsu a laka. Na juya wurin ya shige cikin tafin hannuna don kar Baba ya gani.

Baba bai ma dubo ba. Yana tsaye a bakin ruwa cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci da takalmi sau-ciki wanda ya sha gogewa. An ɗaura masa rigar ceto a kan kwat ɗin, ta tura masa kwala har kunne. A hannunsa akwai reshen magaryar kura da ya saro da sassafe a bayan garken shanunmu.

Yayana Vukani ya daɗe yana kai baƙi yawo a kogin Pongola cikin irin waɗannan siraran kwale-kwalen roba, su yini suna tuƙi, su kwana a tanti a bakin ruwa. Bara, da damina ta ja baya, dorina ta taso a ƙarƙashin nasa. Gawarsa mun binne ta a gida kusa da kabarin kakanmu. Amma a al'adarmu ruhin wanda ya mutu a daji yana nan inda ya faɗi har sai danginsa sun je da reshe sun kira shi. Wanda ya riƙe reshen kuwa, daga lokacin da ya yi kiran har ya shiga ƙofar gida, ba ya magana da mai rai. Da mamacin kaɗai yake magana, yana gaya masa hanya. In ya kuskura ya tanka wa wani, mamacin zai saki reshen, kuma ba lallai ne a sake samunsa ba.

Inda Vukani ya faɗi mota ba ta zuwa. Sai an bi ruwa, a yini ana gangarawa, a kwana, washegari a fita a gada. Mama ta zauna a gida, ta sa an ɗaure akuya, ta haɗa giyar dawa, tana jiranmu. Mu huɗu muka tafi: Baba, ƙanwarsa Anti Fikile, ni, da Sabelo abokin aikin Vukani, wanda ya aro kwale-kwale biyu a wurin aikinsu ya ce shi zai kai mu. Ni an sa ni ne saboda na iya tuƙi. Duk hutun jami'a sai Vukani ya ja ni kogi, wai littafi zai lanƙwasa mini baya tun ban yi aure ba.

"Wannan ɓawon gyaɗar ne zai ɗauke ni?" in ji Anti Fikile, ta zungure shi da ƙafa. "Sabelo, dube ni da kyau, sannan ka dubi abin nan. Bahon wankan jikata ya fi shi faɗi."

"Ya ɗauki waɗanda suka fi ki, Anti. Wani Bajamushe ya taɓa shiga, sai da muka shafa masa sabulu kafin ya fito."

"To ajiye sabulun a kusa."

Ni kaɗai na yi dariya, ita ma na haɗiye ta da na ga fuskar Baba.

Sabelo ya buɗe wani shuɗin duro na roba mai murfi da zoben ƙarfe. Ya ce duk abin da ke da ƙamshi nan zai shiga, abinci, sabulu, man goge baki, har man shafawa.

"Anti, lemon da ke jakarki fa?"

"Wane lemo?"

"Tun a mota nake jin ƙamshinsa. In ni na ji, giwa ta ji tun jiya."

Ta zaro lemo daga jaka, ta zaro alewa daga cikin rigarta, tana ta mita. Saura wata langa ɗaure da ƙyalle da ta rungume. Wannan, ta ce, ba yanzu za a buɗe ta ba. Ya karɓa da hannu biyu ya saka a duron, bai tambaya ba. Dukanmu mun san langar. A cikinta Vukani yake cin abinci tun yana firamare.

Sabelo ya ɗauki Baba a gaban nasa kwale-kwalen, ni na ɗauki Anti. Ruwan ya yi ƙasa, launin shayi da madara, yana tafiya a hankali. Jefi-jefi Sabelo yakan ƙwanƙwasa gefen kwale-kwalen da filafili ya dakata. Dorinar da ke ƙasa in ta ji sai ta ɗago kai ta ga ko wane ne, mu ma mu gan ta mu ba ta wuri. Inda kunnuwa suka ɓullo a hagu sai mu lafe a dama, inda ba zurfi, har ƙasan kwale-kwalen na gogar yashi. Anti ta rera duk waƙoƙin cocin da ta sani, da suka ƙare ta sake daga farko.

Baba bai yi kira ba tukuna, yana iya magana da kowa, amma ko sau ɗaya bai ce wa Sabelo uffan ba. Tun jana'iza haka suke. A ranar da abin ya faru Sabelo ne ya kamata ya shige gaba. Ya kwana a wajen biki, kansa na sarawa, sai ya roƙi Vukani su yi musaya. Shi da bakinsa ya faɗi haka a gidanmu, a durƙushe, ba wanda ya tambaye shi. Baba ya saurare shi har ƙarshe, ya tashi ya tafi wajen shanu.

Rana ta karkata muka iso. Na zaci zan gane wurin da kaina, jikina zai gaya mini. Ashe kwanar kogi ce irin sauran, da wani ɓaure da ya faɗi rabinsa a ruwa, da kyauro, da ɗan yashi. Sabelo ya daina tuƙi ya ce, "Nan ne, Baba," yana kallon ruwan da ke ɗiga daga filafilinsa.

Muka fita. Baba ya karkaɗe wandonsa ya juyo gare ni.

"Khethiwe, in akwai abin da za ki tambaye ni, tambaya yanzu."

Akwai. Amma bakina ya yi nauyi kamar kullum, sai na girgiza kai.

"Fikile, ke fa?"

"Ka sha maganinka, Bhuti?" Haka take kiransa, da yake yayanta ne.

"Na sha."

"To shi ke nan. Je ka ɗauko mana yaronmu."

Ya durƙusa a kan yashi, ya kunna turaren ganye a tsingaro. Ya kira sunayen kakanni ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ja reshen a hankali daga bakin ruwa zuwa gwiwarsa, kamar mai lallaɓo maraƙi da igiya.

"Vukani, ɗana, ni ne. Ka daɗe a waje, sanyin ya isa haka. Ga ƙanwarka, ga gwaggonka, har ruwa ta shiga saboda kai. Tashi ka hau mu tafi gida. Uwarka ba ta barci."

Anti ta toshe baki da gefen zaninta. Ni hannun Baba nake kallo. Da ya ɗago reshen sai ya tallafe shi da ɗaya hannun, kamar an ƙara masa nauyi. Sannan ya nemi gindin ɓauren ya zauna ya miƙe ƙafa, zaman wanda ya iso masauki.

"Sisi, zo ki gani," in ji Sabelo, yadda ya saba kirana, wato 'yar'uwa.

Ya nuna mini wata hanya da ta fito daga ruwa ta ratsa kyauro, kwari biyu a jere da siririn layin ciyawa a tsakiya. An watsa kashi a jikin ganye har tsayin ƙugu, ɗanye shar.

"Nan dorinai suke fita kiwo da magariba, nan suke dawowa da safe. Wanda ya kwana a nan a bakin ƙofarsu ya kwana." Da ni yake magana, amma ya ɗaga murya yadda Baba zai ji. "Akwai tudu a gaba kaɗan. Dole mu kai kafin rana ta faɗi."

Baba ya dubi reshen da ke cinyarsa.

"Ka ji, Vukani. Abokinka ya ce ba a kwana a nan. Kai tun bara kake kwana, mu dare ɗaya ya gagare mu. Ya san ƙa'ida, abokin nan naka. Tashi mu bi shi."

Sabelo ya sunkuya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Daga nan Baba bai sake yin shiru ba. "Za mu shiga ruwa yanzu, kar ka ji tsoro, ina riƙe da kai. Mun bar ɓauren. Mun sha kwana. Ga tsuntsayen nan da kake kwaikwayon kukansu ka hana uwarka sauraron rediyo." Tunda nake ban taɓa jin Baba ya yi wa Vukani magana mai yawa haka ba. Da yana raye, tsakaninsu bai wuce "An kai shanu ruwa?" da "An kai, Baba" ba.

Tudun yana sama da ruwa sosai, fili ne a buɗe yadda mutum zai hangi abin da ke zuwa. Sabelo bai bari an sauke ko tabarma ba sai da ya zagaye shi a ƙafa, idonsa a ƙasa. Hanyar dorina mafi kusa tana can gangare, bayan wasu itatuwan ƙaya. Ya nuna mana, ya ce kar kowa ya doshi wajen. Muka jawo kwale-kwalen sama muka kife su. Ya kafa tantuna kusa da juna, ya kai murhu can nesa, inda iska za ta kwashe ƙamshi ta yi gaba da shi ba tare da ta bi ta kanmu ba. Ya aike ni ɗebo ruwa da bokiti mai doguwar igiya. Ya ce in jefa daga sama, kar in durƙusa a baki, kar kuma in koma inda na ɗiba da farko, don kadoji suna lura da wanda ya saba wuri.

"In fitsari ya kama ni cikin dare fa?" in ji Anti.

"Ki tashe ni, Anti."

"In tashe ka? Ɗan da na goya uwarsa? Gara mafitsarar ta fashe."

"To ga gwangwani."

Ta karɓa tana harararsa.

Da sauran rana muka ci tuwon masara da wake. Sabelo ya kankare tukunya, ya tace ruwan wanke-wanke, ya ƙulle ragowar a leda ya jefa a duro. Ko ƙwayar waken da ta faɗi a yashi sai da ya tsince. Yana shirin rufe duron ya ɗaure shi a jikin itace, Anti ta sa hannu ta ciro langar. Ta kwance ƙyallen. Tumbi ne da kayan ciki, girkin Mama, da malmalar tuwo a gefe. Ƙamshin ya cika wurin nan take. Ta kai ƙofar tantin Baba ta ajiye kusa da reshen.

"Anti," in ji Sabelo, "wannan ba zai kwana a nan ba."

"Ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Na yaron ne. Tun bara bai ci girkin uwarsa ba."

"Na sani. Amma tumbi ne, Anti. Kura za ta ji shi daga wancan dutsen. In ta zo ba langa kaɗai za ta shinshina ba, kuma tantin nan yadi ne."

"Wato mu cika cikinmu shi yana kallo? Haka ake yi a gidanku?"

"A bar shi a duro. Gobe in mun isa gida..."

"A duro! Kin ji, Khethiwe? A kulle masa abinci da zobe kamar ɗan fursuna. Ke da kika yi jami'a, gaya masa."

"Anti, gaskiya yake faɗa," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Ai na sani. Ku biyun Turawa sun gama da ku."

Baba ya gyara zama, ya shafa ganyen reshen da babban yatsa.

"Vukani, yi haƙuri da yunwa. Abokinka kiyaye mu yake yi. Mutum ne mai kula, ko ƙwayar wake ba ta wuce shi. Da ma ran nan ma haka ya tashi."

Ba wanda ya motsa. Anti da ta fara rigimar sai ta dubi ƙasa. Can Sabelo ya matso, ya durƙusa ya ɗauki langar da hannu biyu.

"Zan kai masa can gaba, inda iska ta nufa. Ya ci a can. Da safe in ɗauko langar."

"Bhuti Sabelo," na ce, "amma ai kai ka ce..."

"Ba komai, Sisi."

Na san abu ne da ba zai taɓa bari baƙo ya yi ba, ko nawa ya biya. Ya taka har kusa da itatuwan ƙayar, ya ajiye langar a kan wani faffaɗan dutse. Baba ya juya reshen ya fuskanci wajen, ya ce, "Ga abincinka can, ɗana."

Har duhu ya fara shiga Baba yana hira da reshen. Ya ba shi labarin saniyar da ta haihu, da rufin ɗakinsa da ke yoyo, da yarinyar da yake nema, wadda ta koma Durban. Jefi-jefi sai ya sako "abokinka". Sabelo yana zaune ya ba mu baya, yana duba tocila. Da fari duk sanda kalmar ta fito sai kafaɗarsa ta motsa kamar an tsikare shi. Daga baya ta daina. Ya samu yadda zai toshe kunne bai sa yatsa ba.

Kura ta zo kuwa. Ba mu gan ta ba, ƙarar ƙarfe a kan dutse kawai muka jiyo daga nesa. Tantunan ba ta kusato ba.

Gari ya waye da tururi kwance a kan ruwa. Baba ya riga kowa tashi, yana zaune a ƙofar tantinsa, inda tudun ya fi tsayi, da kwat ɗinsa da reshensa.

"Sabelo, langar fa?" Anti ta kira daga cikin tantinmu. "Uwarsa za ta tambaye ni."

"Yanzu, Anti."

Na ji tafiyarsa a yashi. Ni da Anti muna ciki, ina naɗe shimfiɗa, tana neman ɗankwalinta da ta zauna a kai. Ba mu san cewa langar ba ta kan dutsen ba. Kura ta ja ta har bayan itatuwan ƙayar, shi kuma ya bi sawun.

Sai na ji Baba ya ce, "Vukani, gaya wa abokinka ya dubi bayansa."

Muryar ce ta tsayar da ni. Ba irin ta jiya ba ce.

"Vukani! Abokinka! Bayansa!"

Na kai wa zif ɗin tantin hannu, ya cije a yadi. Na fizge shi na fitar da kai. Sabelo yana can a sunkuye a tsakiyar hanyar dorina, yana buga langar a gwiwa don yashi ya zube. Muryar Baba ta kai gare shi, ba shakka ta kai, amma bai ɗago ba. Tun jiya ya daina jin duk maganar da ta fara da wannan sunan. Daga cikin daji, sama da shi, wata dorina da ta makara a kiwo tana gangarowa da sassarfa, kanta a ƙasa, ɗanta a gefenta. Shi kaɗai ne tsakaninta da ruwa.

Kafin in ja numfashi Baba ya miƙe tsaye.

"Sabelo! Sabelo, fita daga hanya! Hagu!"

Bai waiwaya ba, ya yi tsalle ya faɗa cikin ƙaya. Ta wuce ta inda yake, ƙasa na rawa har inda nake durƙushe, ɗan yana bin ta. Ruwa ya tashi fari, ya koma ya kwanta.

Sabelo ya fito daga ƙayar da rarrafe, langar tana hannunsa, fuskarsa duk jini. Ya tako zuwa tudun a hankali. Da ya ga Baba a tsaye sai ya tsaya cak. A lokacin ne ya gane wanda ya kira shi.

"Ni ban ji komai ba," in ji Anti da sauri, ɗankwalinta a hannu. "Khethiwe, kin ji wani abu? Tsuntsu ne. Tsuntsayen nan akwai ƙara."

Baba bai dube ta ba. Reshen yake kallo.

"Vukani," ya ce a hankali. Ya jira. "Vukani, ɗana."

"Ba shi haƙuri, Bhuti. Yaro ne mai jin magana. Abokinsa ne fa, shi ma da haka zai yi. Khethiwe, kawo turaren, me kike tsaye kina kallo?"

Na kawo. Baba ya durƙusa, ya kunna, ya sake kiran kakanni. Ya ce wa Vukani kuskure ne na tsoho, ya yafe, ya dawo ya hau. Ya ja reshen a kan yashi ta gabas, ya ja ta wajen ruwa, ya ja ta wajen dutsen da aka ajiye abincin. Turaren ya cinye ya zama toka. Rana ta fito ta kwashe tururin da ke kan ruwa, yana nan a durƙushe. Daga ƙarshe ya ɗago reshen da hannu ɗaya, ya jinjina shi.

Ya juyo ya dube ni.

"Khethiwe, akwai sauran shayi?"

Anti ta zube a yashi ta ɗora hannu a ka. Ni na tafi na ɗora tukunya, don ban san me zan yi da hannuwana ba.

"Ya sauka," in ji Baba, ba tare da an tambaye shi ba. "Ice ne kawai."

Sabelo ya zo gabansa ya durƙusa.

"Baba, zan mayar da kai. Ko da igiya zan ja kwale-kwalen, mu koma ɓauren ka sake kira."

"Ba ya ɓauren. A can na ɗauko shi, da hannuna. Nan ma ba ya nan, ka ga na kira. Ban san inda zan tsaya in kira shi ba yanzu."

"Da ka bar ni, Baba."

"Kar in sake jin wannan a bakinka. Goge fuskarka, jini na shiga maka ido. Fikile, tashi ki cire masa ƙayar nan, kin zauna kamar an dasa ki."

Ta tashi. Tana kuka tana cire masa ƙaya da fil ɗin zaninta, tana ce masa shashasha, wa ya ce ya bi langa har can, langa ce ba zinariya ba. Bai tuna mata wadda ta aike shi ba.

Muka kwashe kaya kamar yadda aka saba. Sabelo ya binne toka, ya bi wurin yana dubawa ko an yar da wani abu. Baba ya hau inda ya kwana, ya soka reshen a yashi a tsaye, ya danna ƙasa a gindinsa da takalminsa.

"Ko zai biyo ta nan, ya san mun zo," ya ce.

Sabelo, wanda ba ya barin ko tsinken ashana a masauki, ya wuce ta gefensa bai taɓa ba.

A kan ruwa Baba ya ce a ba shi filafili, tunda hannunsa ba komai. Bai iya ba, yana ta watsa wa kansa ruwa, kwale-kwalen na karkata, Sabelo na gyarawa daga baya. Muna kusa da su, ina jin komai.

"Ya iya aikin nan kuwa?"

"Ya fi ni, Baba."

"Baƙin suna jin maganarsa?"

"Suna ji. Yana sa su dariya."

"Vukani? Dariya?" Baba ya sake tsoma filafili a ruwa. "Yana cin abinci sosai in kuna nan?"

"Yana ci."

"Me yake cewa game da gida?"

Sabelo ya ƙwanƙwasa gefen kwale-kwalen, ko da yake ruwan bai kai gwiwa ba a wurin. Baba ya jira amsa, da bai samu ba sai ya tambayi sunan wani tsuntsu. Anti ba ta rera ko waƙa ɗaya ba.

Da hantsi muka hango gadar. Motar maƙwabcinmu tana tsaye a inuwa, shi yana barci a baya. Muna taɓa gaɓa wayata ta samu sabis, ta fara kuka a cikin jaka. Mama ce. Na riƙe ta ina kallon sunan.

"Ba ni," in ji Baba. Kafin ya amsa ya juya ga Sabelo. "Za ka biyo mu gida. An riga an ɗaure akuya, sai an ci. Uwarsa za ta so ta gan ka, ɗana."

Ya matsa gefe, ya ba mu baya, ya kara wayar a kunne. Na ji ya ce, "Ni ne." Jin muryarsa kaɗai ya isa ya gaya mata komai.

Anti ta tafi tashin direba, tana tambayarsa ko barci aka aiko shi. Sabelo ya jawo kwale-kwalen biyu ƙarƙashin gadar, inda motar wurin aikinsu take zuwa ɗauka. Ya kife su, ya zura sarƙa, ya ja ya ga ta kama. Ya ɗora jakunkunanmu a mota ɗaya bayan ɗaya, ya ciro maganin Baba daga duro ya ajiye a kujerar gaba inda za a gani. Ya cire rigar cetonsa ya cusa a ƙarƙashin kwale-kwale. Ya ɗan tsaya yana kallon bayan Baba.

Sannan ya hau gangaren, ya bi gefen gadar a ƙafa, ya tsallaka zuwa wancan ƙetaren inda ƙauyensu yake.